Ba Ruwansa

Ruwa uku marigayi Elijah Philemon ya shiga a rayuwarsa, kuma babu wanda ya jiƙa masa ko da bakin wando. Da ƙuruciya ya yi sojan ruwa a Ikko. Da ya tuɓe kaki sai ya shiga banki, ya yi ta ɗora wa mutane kuɗin ruwa har ya kai matsayin manaja. Da ya yi ritaya ya dawo Sintali, unguwarsu a Jalingo, mutanen unguwa suka naɗa shi shugaban kwamitin ruwa, ya zauna a kan kujerar har mutuwa ta sauke shi, alhali famfon unguwar bai taɓa yin ko tari ba.

Muntasir ne ya tsara wannan magana a ransa, yana kwance a zauren gidansu, kuma ta yi masa daɗi ƙwarai, har ya ji takaicin rashin wanda zai faɗa wa. Ya karanta tarihi a jami'a, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida ya zauna. Boko ya buɗe masa ido yana hango aibin kowa tun daga nesa, sai dai bai nuna masa kasuwar da ake kai irin wannan haja ba. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Mahaifiyarsa Hajja ce ke riƙe da gidan da sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, shi kuwa nasa aikin tunani.

Yana cikin wannan aiki Tobias ya yi sallama. Tobias shi ne autan marigayi, tare suka yi firamare da Muntasir, kuma a duk Sintali shi kaɗai yake kiransa Farfesa ba da niyyar zagi ba, ko kuma da niyyar zagin da ba ta kai a yi fushi ba.

"Farfesa, har yanzu kana gadin tabarma?"

"Ina jiran ƙasa ta gyaru."

"To tashi, ta aiko ni wurinka. Anti Lois tana neman ka."

Lois ita ce babbar 'yar marigayi, a Abuja take zaune. Ta kafa gidauniya da sunan mahaifinta, kuma ranar Asabar mai zuwa za a yi taron cikarsa shekara da rasuwa, a buɗe rijiyar burtsatsen da gidauniyar ta haƙa wa unguwa. Tana son wani matashi ya yi jawabi a madadin samarin Sintali, da Hausa mai zurfi, domin tata Hausar a barikin Ikko ta tsinta, kuma a can ta baro rabinta.

"Ga kuma maganar da ba a faɗa a lasifika," in ji Tobias, ya rage murya. "Gidauniya za ta buɗe ofis a nan Jalingo, ana neman wanda zai zauna a ciki. Fanka, kujera mai juyawa, albashi duk wata. Idan ka sa Anti ta yi kuka ranar Asabar, wallahi kujerar taka ce."

"Idan kuma na faɗi gaskiya?"

"Ka faɗa mana. Gaskiyar da za ta sa ta kuka."

Gaskiyar kuwa tana tsaye a filin da ke tsakanin ƙofar gidan su Muntasir da ta gidan marigayi, ana ganinta daga zaure. A gabansa injin haƙa ya zo ya yi ta gurnani, yana fitar da garin dutse fari fat kamar ana niƙa masara. Masu aikin suka ce a koma gangare wajen kwari, can ruwa yake. Lois ta bugo waya ta ce ba ta yarda ba, dole rijiyar ta kasance daidai da ƙofar gidan mahaifinta, inda mai wucewa a titi zai gani. Aka ci gaba da haƙa har aka samu ɗan danshi, irin wanda ake samu a goshin mai zazzaɓi, sai aka ce an cim ma ruwa. Aka kafa dogayen ƙarafa, aka ɗora tanki a kai, aka shafe shi da fari da shuɗi, aka zana masa angar jirgi a gaba. Matan unguwa ba su taɓa ganin jirgin ruwa ba, amma sun gane zanen nan take. Suka ce ƙugiya ce ta ciro guga idan ya faɗa rijiya, kuma sun yaba da hangen nesan mai zanen.

Muntasir ya yanke shawarar yin abin a ilimance. Masanin tarihi ba ya magana sai da shaida, don haka ya fita neman abin da mutane za su ce game da Kyaftin, kamar yadda kowa ke kiran marigayin. Babu wanda ya san ainihin igiyar da ya sauka da ita. Tobias da bakinsa ya taɓa cewa a ofishin albashi Baba ya yi aikinsa na soja, kuma ranar da aka hau da shi jirgi sai da aka riƙo shi aka sauko da shi. Ko Mayo Gwoi, ƙoramar garin, idan ta cika da damina, daga kan gada yake gaishe ta, gilashin mota a rufe. Duk da haka tagogin gidansa zagayayyu ne irin na jirgi, akwai ƙararrawar tagulla a ƙofa, kuma duk ranar tunawa da 'yan mazan jiya yakan fito cikin fararen kaya da suka sha guga, yana tafiya yana ɗan tangaɗi, kamar ƙasar Jalingo tana da igiyar ruwa.

Ya fara da mai unguwa, Jauro Abbo, wanda ya tarar a ƙarƙashin darbejiya yana jan carbi.

"Allah ya ja zamanin Jauro, wane irin mutum ne Kyaftin?"

Jauro ya lumshe ido. "Allah sarki. Mutumin kirki. Ba ruwansa."

Ya wuce wurin Mama Margaret mai tuyar masa, wadda ta yi shekaru tana jagorantar mata zuwa taron kwamiti. Ta ba shi labarin yadda ake yi. Kyaftin zai kaɗa ƙararrawa, a taru a farfajiyar gidansa, inda ciyawa ke kore shar ko a tsakiyar bazara, domin shi yana da tasa rijiyar a bayan katanga. Zai buɗe taro da cewa jirgi ba ya tafiya da kyaftin biyu, ya ba da labarin wata guguwa da aka yi a teku, sannan ya kafa ƙaramin kwamiti da zai binciki rahoton ƙaramin kwamitin da ya gabata. Idan mata suka matsa, sai ya buɗe hannu ya ce wannan na gwamnati ne, shi ba ruwansa. Amma ranar Kirsimeti da ranar Sallah yakan buɗe ƙofa kowa ya ɗebi bokiti ɗaya, don a san ba ya nuna bambanci.

"To a taƙaice, Mama, me za ki ce a kansa?"

Ta juya masa a tanda. "Shi? Ba ruwansa da kowa."

Muntasir ya tsaya cak a bakin titi. Kalma ɗaya ce, amma Jauro ya yi addu'a da ita, Mama Margaret ta yi tsinuwa da ita. Ya ji wani daɗi ya ratsa shi, irin na wanda ya tsinci wuƙa mai baki biyu.

Da ya koma gida ya tarar da Hajja a tsakar gida tana leƙa randa, tana auna abin da ya rage da ido. Masu kurar ruwa ba su shigo layin ba tun jiya. Ya tambaye ta ita ma, don ya cika shaida.

"Kyaftin ba ruwansa," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Hajja, ke ma? Wanne daga ciki?"

"Wanda kai ba ka sani ba. Kana goye aka yi wani hargitsi a gari, kowa yana gudu da 'ya'yansa. Mutumin nan ya sa fararen kayansa, ya buɗe ƙofa, ya tsaya a bakinta yana kaɗa ƙararrawar nan. Duk wanda ya zo, shiga kawai. Bai tambayi kowa sunansa ba, balle inda yake sallah. A falonsa na shayar da kai. Ba ruwansa da ko kai wane ne."

Wannan shaida ta ɓata wa Muntasir tsari, ya kuma ji haushinta kamar yadda ake jin haushin tsakuwa a cikin shinkafa.

"Yini ɗaya ke nan, Hajja. Sauran shekarun fa?"

"Sauran shekarun mun sayi ruwa. Ban ce maka waliyyi ba ne." Ta rufe randar da faifai. "Na ji Tobias ya zo da maganar aiki. Ka faɗi alheri ko ka yi shiru. Shirun kuwa ka daɗe kana yinsa, ban ga an ɗauke ka aiki a kansa ba."

Ranar Asabar, tun gari bai gama wayewa ba, Muntasir ya ji ƙarar babbar mota a ƙofar gida. Ya leƙa ta zaure sai ya ga tankar ruwa ta ja da baya har gindin ƙarafan, an jefa tiyo sama, ana ɗura wa tankin ruwa. Tobias na tsaye yana ba da umarni da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da burodi.

"Tobias, mene ne wannan?"

"Na buɗewa ne kawai, Farfesa. Ko amarya ai aron sarƙa take yi."

"Bayan an buɗe fa?"

"Bayan an buɗe akwai damina."

Muntasir ya koma ɗaki zuciyarsa na tafasa. Ya ga kansa a gaban lasifika yana nuna tankin da yatsa, yana tona asirin da shi kaɗai ya gani a duk Sintali. Ya ga manyan baƙi suna sunkuyar da kai, ya ga mata suna share hawaye suna cewa ashe akwai sauran maza. Ya sa farar shaddarsa guda ɗaya, ya karya hula, ya duba madubi, ya ga fuskar mutumin da tarihi zai tuna da shi.

An kafa rumfuna, an jera kujerun roba. 'Yan mazan jiya suka zauna a sahun gaba da lambobinsu a ƙirji, matan zumuntar coci suka yi waƙa, fasto ya yi addu'a, liman ya yi tasa. Wani tsohon abokin aikin marigayi a banki ya tashi ya ce a duk shekarun da suka yi tare bai taɓa ganin Manaja ya bar tausayi ya shiga tsakaninsa da ƙa'ida ba, aka tafa. Wani tsohon soja ya ce teku ta san Elijah, Elijah ya san teku, aka tafa. Lois tana zaune a tsakiya cikin farin leshi, tana gyaɗa kai, idonta a bushe. Tobias ya waiwayo ya kalli Muntasir, ya taɓa ƙasan idonsa da yatsa.

Da aka kira shi ya miƙe, ya karɓi lasifika. Yatsan da zai nuna tanki yana nan a shirye. Sai ya hango Hajja a can sahun baya, ta yafa mayafinta na zuwa biki wanda ya fara koɗewa a kafaɗa, tana kallonsa ba ta ko ƙiftawa. Ya kalli Lois, ya ga fanka da kujera mai juyawa. Yatsan ya koma cikin aljihu da kansa. Amma Muntasir ba matsoraci ba ne, haka dai ya gaya wa kansa a cikin wannan daƙiƙa. Mai ilimi ba ya sara da gatari, da allura yake suka.

"Jama'ar Sintali," ya fara, "na zagaya unguwar nan ina tambayar manya da ƙanana wane ne Kyaftin Elijah Philemon, kuma amsa ɗaya na samu a kowane baki. Mutum ne da ya yi aikin sojan ruwa, teku ta yi ta hauka a gabansa, amma shi, ba ruwansa."

Aka yi 'yar dariya, aka tafa.

"Ya zauna a banki, mai kuɗi ya zo, talaka ya zo, mai kuka ya zo, mai roƙo ya zo. Shi kuwa?"

"Ba ruwansa!" in ji wasu samari daga gefe.

"Ya riƙe kwamitin ruwan unguwar nan tun muna rarrafe har muka yi gemu. Iyayenmu mata suka yi ta zarya a ƙofarsa, rani da bazara. Da wani shugaban ne, da tuni ya gaji, ya yi fushi, ya ajiye muƙamin. Amma Kyaftin?"

"Ba ruwansa!" Wannan karon rumfunan duka ne suka amsa, har da 'yan mazan jiya. A sahun baya Mama Margaret ta cusa bakin zane a baki, kafaɗunta suna rawa.

Bai yi niyyar kawo labarin Hajja ba, amma jawabin ya ja shi, kuma yana buƙatar abin rufewa. Ya ba da labarin ranar hargitsi, da fararen kaya, da ƙararrawa, da jaririn da aka shayar a falo. Muryarsa ta ɗan karye a wurin, abin da ya ba shi mamaki da haushi. "Ni ne jaririn," in ji shi. "Musulmi ne kai ko Kirista, Mumuye ko Bafulatani ko Jukun, a ranar nan Kyaftin..."

"Ba ruwansa!"

Lois ta fashe da kuka. Tobias ya ɗaga babban yatsa.

Muntasir ya zauna yana huci, yana jin ya yi abin da ba a taɓa yi ba: ya yanka mutum a gaban 'ya'yansa, sun kuma yi masa godiya. Ya ji Lois ta karkata wajen Jauro Abbo tana tambaya, tana share ido.

"Baba Jauro, wannan kalma da suke ta faɗa, ainihin ma'ananta fa? Ni na san shi kamar faɗa ne."

"A'a, 'yata," in ji Jauro, bai ko daina jan carbi ba. "A nan idan an ce mutum ba ruwansa, ana nufin zuciyarsa fara ce."

Lois ta miƙe ta karɓi lasifika. Ta ce yau ta san mahaifinta sabon sani. Ta ce ta daɗe tana neman taken da ya dace da gidauniya, masana a Abuja sun kawo mata na Turanci iri-iri ba su yi mata ba, ashe yana nan a bakin talakawan da Baba ya yi wa hidima. Ta ba da umarni a rubuta shi da manyan baƙaƙe a jikin tankin, a ƙarƙashin anga. Sannan ta yanke ƙyalle, ta murɗa famfo, ruwa ya zubo da ƙarfi, aka rangaɗa guɗa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya tsaya wa Muntasir a rai. Kafin guɗar ta sauka, bokitai suka fito. Daga ƙarƙashin kujeru, daga bayan katanga, daga cikin zannuwa, jarkoki da baho da tukwane, kamar ƙasa ce ta haife su. Mata suka yi layi cikin natsuwa da sauri irin na waɗanda suka san adadin abin da ke sama. Hajja ce ta uku a layi, da jarka a kowane hannu.

"Ku yi a hankali, iyayena!" Lois tana dariya tana hawaye. "Ruwa ba zai gudu ba, yana nan kullum!"

"Haka ne, 'yar Kyaftin," in ji Mama Margaret, tana tura bahonta gaba. "Mu dai mun saba da na Kirsimeti."

Muntasir ya matsa kusa da Hajja ya yi ƙasa da murya. "Kun san da tankar?"

"Motar da ta tashi unguwa duka daga barci? Kai kaɗai ka ɗauka asiri ne. Karɓi wannan ka kai gida, ka dawo da babban bahon."

Ya kai, ya dawo da bahon, farar shaddarsa ta jiƙe har gwiwa. Kafin la'asar famfon ya fara shaƙuwa, kafin a kwashe kujeru ya yi shiru. A lokacin manyan baƙi sun riga sun kama hanyar Abuja.

Mai fenti ya zo ranar Litinin. Ya rubuta BA RUWANSA da shuɗi, baƙaƙen suna da girman da mai keke zai karanta daga titi. Cikin mako guda sunan ya kama filin. Fasinja yakan ce a sauke shi a Ba-ruwansa, masu kurar ruwa suka mayar da inuwar tankin tasharsu, nan suke jere da jarkokinsu suna jiran ciniki.

Muntasir ya samu aikin. Ofishin shago ne guda a gefen gidan marigayi, da fanka, da kujera mai juyawa, da hoton Kyaftin cikin fararen kaya bisa kan mai zama, yana kallon wata teku mai nisa. Aka ɗauko ƙararrawar tagulla aka rataye ta a ƙofar ofishin. Babban aikinsa shi ne idan Lois ta bugo waya ta ce baƙi za su zo ganin aikin gidauniya, ya kira mai tanka tun da wuri. Yakan gaya wa kansa cewa yana nazarin abin ne daga ciki, kuma wata rana zai rubuta shi yadda zai girgiza jama'a. A watan farko ya sayo wa Hajja sabon mayafi, ta karɓa ta sa albarka.

Wata ranar Laraba, zafin bazara ya kai inda ko ƙadangare ba ya fita, ya ji an kaɗa ƙararrawa. Mata ne cike da ƙofa, Mama Margaret a gaba, Hajja a gefenta da sabon mayafin. Suka ƙi zama. Mama Margaret ta ce sun zo ne a kan maganar gangare. Tun da injin ya san hanya, kuma kowa ya san inda ruwan yake, me zai hana ofis ya gaya wa Abuja a sake haƙawa a can?

Muntasir ya san amsar da Abuja za ta bayar, ya kuma san abin da ke samun ma'aikacin da ya kira rijiyar Baba busasshiya. Ya gyara zama, kujerar ta ɗan juya da shi. Ya yi musu bayani mai tsawo a kan tsarin gidauniya, da matakan da ake bi, da yiwuwar kafa wani ɗan kwamiti da zai duba lamarin. Ya ji hannuwansa sun buɗe da kansu.

"Kun gane, iyayena, wannan magana ta Abuja ce. Ni a nan ba..."

Ya dubi buɗaɗɗun hannuwansa. Fanka ta ci gaba da juyawa.

Hajja ta dube shi, ta ɗaga kai ta dubi hoton da ke bisa kansa, ta sake dubansa.

"Ƙarasa mana, Kyaftin," in ji ta. "Muna da wanki."